Katangar da ke ruku'u

"Rushe ta za a yi," in ji Injiniya daga kan gado, tana nuna katangata ta taga.

Dubiya na zo yi wa maƙwabciyata. Likitoci sun sallamo ta gida, irin sallamar da ba a yi wa barka.

"Injiniya, katangar nan ta daɗe a tsaye."

"Tsaye? Ruku'u take yi, Malam. Ba zan mutu ina kallon ta ba."

Matar da ta ɗora benaye rututu, har manyan 'yan kwangila ke gyara zama in ta shigo, ba ni zan ja da ita ba. Daga baya na gane katangata dalili ce kawai. Ta bar wa 'yarta Auta kamfanin, birkiloli kuwa sun ce ba za su bi umarnin yarinyar da suka goya ba.

Washegari birkilolin suka rushe katangar, suka sauke bulo da siminti. Babbansu, Tsoho, duk bulon da ya aza sai ya waiwayi taga.

"Injiniya, ya yi?"

"Ni majinyaciya ce. Tambayi mai aikin." Ta ja labule.

Auta ta gyara hular kwano, ta ja igiya, ta duba layin bulo na uku.

"Baba, a sauke wannan."

Leburori suka daina kwaɓa siminti. Ni ma na daina yi kamar ina karatun jarida.

"Ke, ni na riƙa saya miki alewa a wurin aiki."

"Na gode, Baba. Alewar ta yi daɗi. Layin ne bai yi ba."

Tsoho ya dubi taga. Labule bai motsa ba. Ya rufe ido ɗaya, ya bi igiyar da kallo, sannan ya ciro bulo.

"Gado ba karambani ba," ya ce. "Uwarki ma haka ta tsufar da ni."

Daga bayan labule muka ji dariya, tari na biye da ita.

Injiniya ta rasu kafin a yi wa katangar shafe. Ta bar ni da katanga miƙaƙƙiya, wadda ta tona asirin sauran gidana.

Ranar da suka dawo aiki, Tsoho ya wuce tagar bai waiwaya ba.

"Injiniya," ya ce wa Auta, "ta ina za mu fara?"

Igiyar na nan a ɗaure inda Auta ta bar ta, raɓa na ɗiga daga jikinta.