Kwamfutar Ɗakin Kati

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti, kuma tun a shekara ta biyu aka daina kira na da sunana. Kwamfuta ake ce mini. Mara lafiya zai leƙo ta taga, kafin ya gama lalubo ƙaramin katinsa a aljihu na miƙa hannu baya, ko juyawa ban yi ba, na zaro fayil ɗinsa. Nas-nas su yi shewa. Likita ya girgiza kai ya ce, "Ranar da matar nan ta kwanta zazzaɓi, rufe asibitin za mu yi." Ba zan ɓoye muku ba, maganar nan tana fasa mini kai.

Ɗakin ba wani abin kallo ba ne. Kanta huɗu na ƙarfe, tebur mai ɗingishi, fanka da ke juyawa in ta ga dama, sai fayil sama da dubu tara. Kowanne da lambarsa, amma ni ban taɓa jera su da lamba ba. Tsarina daban ne. Masu ciki suna kantar hagu. Masu hawan jini suna can sama. 'Yan ranar Laraba suna bayan ƙofa. Mafaɗata kuwa, waɗanda ba sa iya jiran minti biyu, suna cikin kwali a ƙarƙashin teburina, inda hannuna zai kai da sauri.

A takarda ƙarfe huɗu nake tashi, in bar wa abokiyar aikina ɗakin. Baƙuwa muke ce mata. Shekararta uku tare da mu, amma sunan ya ƙi sakin ta. Kullum da na rataya jaka sai in ji, "Yaya, don Allah, fayil ɗin tsohon nan mai sanda." In ajiye jaka. In sake ɗauka, nas ta rugo da gudu. Wata rana har na shiga motar haya waya ta dawo da ni. Kafin in ankara shida ta gota.

Makarantar su Auta, 'yata ta ƙarshe, huɗu da rabi ake tashi. Shekararta bakwai. Babanta direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu a hanya, yayyenta kuma suna makarantar kwana. Saboda haka kullum ita ce ta ƙarshe a bakin ƙofa, ita da Baba mai gadi.

Ranar wata Alhamis shugabar makarantar ta jira ni da kanta. Ko kujera ba ta nuna mini ba.

"Maman Auta, makaranta muka buɗe, ba gidan raino ba," in ji ta. "Na yi magana, na rubuta takarda, na gaji. Daga Litinin, in yarinyar nan ta sake kaiwa ƙarfe biyar a nan, ki nema mata wata makarantar."

Wata makarantar a ina? Ita kaɗai ce kusa da gidanmu, kuma a nan bakin Auta ya buɗe da karatu bayan mun sha wahala. Na koma gida zuciyata na tafasa, ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Ban sha wuyar samu ba.

Washegari ina ɗaukar jaka Baƙuwa ta buɗe baki, "Yaya, don Allah…"

Ai kuwa na sauke mata kwandon masifa. "Haba baiwar Allah! Shekara uku! Ko akuya aka ɗaure a ɗakin nan shekara uku ai ta san inda fayil yake. Za a kori 'yata daga makaranta saboda ke, kin sani?"

Na zaci kuka za ta yi, don mace ce mai sanyi. Sai ta jawo kujera ta ajiye a gabana.

"Zauna, Yaya. Minti biyu kawai. Ki naɗe hannuwanki, kar ki taɓa komai. Ga lamba, dubu huɗu da ɗari huɗu da sha bakwai. Gaya mini da baki inda yake, ni zan ɗauko."

"Wane ne mai shi?"

"Ni lambar katin kawai na duba."

Na karɓi katin na duba suna. "Au, matar mai gyaran keke ce. Tana kantar hagu, wurin masu ciki. Sai dai in ta haihu, to tana tsakiya. Sai dai kuma tana da hawan jini, to ki duba sama. Amma in ranar Laraba ta zo na ƙarshe, tana bayan ƙofa. Sai dai…"

Sai na tuna matar ta taɓa zagi na a taga. Tana cikin kwali.

Baƙuwa ba ta yi dariya ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Kin ji ko? Ɗakin nan a cikin kanki yake, Yaya. In kin tafi, da shi kike tafiya. Ni kanta kawai kike bar mini."

Kunya ta rufe ni, wallahi. Shekara da shekaru ina kukan aiki ya yi mini yawa, ina cewa ba ni da mataimaki, ashe ni na kulle ƙofa na haɗiye makulli. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ina jin daɗin kiran nan. Duk sanda aka ce "ina Kwamfuta", sai in ji ni wata ce.

Asabar da Lahadi na kai Auta gidan ƙanwata, muka yi wa ɗakin dirar mikiya, ni da Baƙuwa. Muka sauke komai ƙasa. Ƙura ta sa mu atishawa har hawaye. Muka jera daga ɗaya zuwa dubu tara da 'yan kai, ɗari-ɗari, tana rubuta lambobi da babban alƙalami a jikin kwali tana mannawa a bakin kanta. Mun tsinci fayil goma sha biyu da na rantse sun ɓace, da cokalina na shayi da nake zargin masu shara da shi tun bara. Da muka zo kan kwalin mafaɗata na ce a bar mini shi, ko don tsaron mutuncina.

"Su ma layi za su bi," in ji Baƙuwa, ta juye shi.

Muka kuma yi doka ɗaya: duk fayil ɗin da ya dawo daga wurin likita, a take zai koma gurbinsa, babu "bari anjima".

Ranar Litinin na sha wuya, ba ta aiki ba. Hannuna ya yi ta tafiya hagu da kansa yana dawowa wayam. Wajen sha ɗaya wata sabuwar nas, wadda ko wata biyu ba ta yi ba, ta shigo, ta dubi lambar da ke hannunta, ta dubi kanta, ta zare fayil ta fita. Ko kallo na ba ta yi ba! Na bi ta da harara har ta sha kwana. Amma kafin ƙarfe uku teburina ya zama fes, har na samu zama na ci abincina da zafinsa.

Huɗu saura biyar na rataya jaka. Sai ga muryar likita daga ofishinsa.

"Ina Kwamfuta? Fayil ɗin malamin nan mai ciwon suga, yanzu nake so!"

Baƙuwa ta nemo lambarsa, ta duba gurbinsa. Babu. Jakar har ta fara zamowa daga kafaɗata, ƙafata ta nufi kanta.

Baƙuwa ta tare hanya. "Ina za ki?"

"Minti ɗaya kawai."

"Minti ɗayanki na san shi. Tafi, Yaya. In ba ya gurbinsa, to bai dawo ba ne. Ni zan nemo."

Likita ya sake ƙwala kira. Ban taɓa jin an kira sunan nan na ba shi baya ba, sai ranar. Na fita ina jin kamar na bar tukunya a wuta.

A cikin mota na riƙe waya gam, ina jiran ta yi ƙara. Sai da muka wuce gidan mai na biyu saƙo ya shigo: "Yana kan teburin likita, ƙarƙashin jaridarsa." Na tuntsire da dariya ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta ɗan matsa.

Huɗu da minti ashirin da biyar ina bakin makaranta, cikin iyaye. Ban san kowa ba, ba wanda ya san ni. Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarke da gudu, kowa na wuwwurga ido yana neman nasa.

Can sai ga Auta. Ita ba ta nemi kowa ba. Ko ɗaga kai ba ta yi wajen da muke tsaye ba. Kai tsaye ta nufi bencin Baba mai gadi, ta cire takalmi ta jera a ƙasa, ta ɗora jaka a cinya, ta ciro littafin aikin gida. Na matsa kusa, na kira sunanta.

Ta ɗago, ta ƙura mini ido.

"Umma? Korar ki aka yi?"

"A'a, tashi na yi."

"Gobe ma za ki tashi?"

"Gobe ma, da jibi."

Ba ta tsaya sa takalmi ba. Ta kamo hannuna ta ja ni cikin taron da ƙarfin da ban san tana da shi ba, har gaban wata yarinya mai gilashi da ke shirin shiga mota. Ta taɓa kafaɗarta, ta nuna ni.

"Kin gan ta? Ba na ce miki ina da Umma ba?"