Yatsun Karatu

Ranar da likita ya ce sankara ce a nonona na hagu, Umma ce ta yi kuka. Ni tambaya na yi: yaushe za a fara magani, kuma zan koma aji kafin jarrabawa?

Shekarata ashirin da tara. Na makance ina 'yar shekara biyar, kuma ina koyar da tarihi a makarantar makafi. Da yatsu biyu na yi digiri, manuniyar dama da ta hagu, ina bin ɗigo-ɗigon rubutun makafi a kan takarda mai kauri. Duk wanda ya ce mini "Allah sarki" a hanya, nakan tsaya in tambaye shi wa ya rasu.

Bayan tiyata likita ya ce za a yi mini kemo, wato ƙarin ruwan magani, sau goma sha biyu, mako-mako. Ofishinsa ƙarami ne, fanka tana ƙara kamar za ta faɗo, kujerar baƙi kuma ƙafarta ɗaya gajera ce. Ya shiga lissafa abin da zai biyo baya: amai, kasala, zubewar gashi.

"Gashin ya tafi lafiya," na ce. "Rabona da ganinsa shekara ashirin da huɗu."

Ya yi dariya kaɗan, sannan ya ce, "Yakan kuma taɓa jijiyoyi. Kan yatsu da tafin ƙafa su daina ji sosai. Wasu yakan dawo musu, wasu ba ya dawowa."

Na ji Umma ta gyara zama.

"Likita," na ce, "ka san da me nake karatu?"

Sai ya ce akwai wani bincike da suke yi a asibitin. Kafso ne da aka haɗa da sinadaran da ake tatsa daga tsirrai, irin su kurkum da ƙwayar inabi da ganyen shayi. Ana zaton suna iya tsare jijiya kamar yadda mai yake hana ƙarfe tsatsa, amma zato ne, ba a tabbatar ba. Rabin matan za a ba su na gaske, rabin kuma kafso mai garin sitaci kawai, kuma ko shi kansa ba zai san wanne aka ba ni ba.

"Ashe kai ma lalube kake yi," na ce. "Barka da zuwa unguwarmu."

Umma ta ce, "To in kurkum ne, ai sai in sayo buhu guda."

"A'a, Mama, kada ki soma," in ji likita. "Abin da ya tsare jijiya, in ya yi yawa, muna tsoron ya tsare ciwon ma. Shi ya sa muke aunawa."

Na sa hannu.

Ɗakin kemo kujeru takwas ne a jere, kowace da ƙarfen rataye ruwa a gefenta. Kujerata ta biyar ce daga ƙofa, hannunta na dama ya yage, audugar ciki ta leƙo. Nas ɗin da ke sa mini allura takan ce, "Malama, yau wane sarki za mu kashe?" saboda ina ba matan labarin tarihi su manta da tashin zuciya. Kowane mako kuma, kafin a sa ruwan, ma'aikaciyar binciken takan zo. Umma ta sa mata suna Mai Takarda. Tana da ƙaramar murya da biro mai ƙas-ƙas, kuma tambayoyinta ba sa canzawa.

"Kina iya ɓalla maɓallin riga?"

"Ina iyawa."

"Kofi yana suɓuce miki?"

"A'a."

"Kina iya ɗaukar makulli daga kan tebur? Kina tuntuɓe a tafiya?"

"Ƙanwata, ni da tuntuɓe ai tun kafin a haife ki muka saba."

Sai ta yi dariya, biro ya yi ƙas, ta wuce kujera ta shida.

Ban yi mata ƙarya ko sau ɗaya ba. Maɓalli abu ne babba. Ɗigon rubutu kuwa bai kai ƙwayar yashi uku ba, kuma tsakanin wani harafi da wani ɗigo ɗaya ne tak. A mako na biyar na fara jin kamar kiyashi na tafiya a kan yatsuna. A na shida ɗigo biyu suka fara haɗewa su zama ɗaya. A na bakwai shafi ya koma kamar ina shafa shi ta cikin safar hannu. Takardar ba ta tambaya ba, ni kuma ban saba kai kukana inda ba a nema ba. Na ce wa kaina kafson zai kama aiki, jijiya ba ta farfaɗowa rana ɗaya. Kullum da safe nakan murza shi tsakanin yatsu, in shinshina, in ɗora a harshe, ko zan gane na gaske ne. Bai taɓa gaya mini komai ba.

A aji ban sha wahala ba. Shekara shida ina koyar da littafin nan, na haddace shi. Sai in ɗora yatsa a kan layi in riƙa ja, bakina yana zuba daga ka.

Umma ce ta kama ni. Lokacin da aka sa ni makaranta ina ƙarama, ta koyi rubutun makafi da ido don ta riƙa duba mini aikin gida. Wata ranar Asabar da yamma tana guga a falo, ni kuma ina kan tabarma ina bitar darasin Litinin da ƙarfi, kamar yadda na saba. Na ji ta ajiye dutsen guga. Na ji ta tsaya a kaina.

"Auta, juya shafin."

"Ban gama shi ba."

"Bakinki ya gama shi tun ɗazu. Kina shafi na gaba, yatsanki yana nan tsakiyar wannan."

Ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara, ta kama manuniyata ta ɗora a kan wata kalma.

"Karanta mini wannan."

Na shafa. Na sake shafawa. Na danna har farce ya yi mini zafi.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Mako uku."

"Mako uku! Kina cin abinci da ni, kina yi mini tsiya, mako uku? Wannan taurin kan na ubanki ne, Allah ya ji ƙansa, shi ma haka ya yi mini."

Ranar Talata muka koma ofishin nan mai fanka. An yi takwas, saura huɗu. Likita ya kira Mai Takarda, ta karanto amsoshina, duk lafiya lau. Na ciro littafina daga jaka na ajiye a kan teburinsa.

"Wannan ne maɓallina," na ce. "Ba wanda ya tambaye ni shi."

Biro bai yi ƙas ba. Can Mai Takarda ta ce, "Malama, ki yafe ni. Takardar haka aka ba ni ita."

"Ni ma da baki na zo," na ce. Iyakar abin da na iya ba ta ke nan.

Na nemi a gaya mini wane kafso nake sha. Likita ya ce ba a buɗe wannan sai rai yana cikin haɗari, kuma ko an buɗe, zaɓin da ke gabana ba zai canza ba. Ko a ci gaba yadda ake, ko a rage ƙarfin maganin, ko a tsaya nan. In an ci gaba, yatsun na iya tafiya gaba ɗaya. In an tsaya, ba zai iya yi mini alkawarin ciwon ba zai dawo ba.

"A ci gaba," in ji Umma. "Ni zan riƙa karanta mata."

"Umma, shekararki sittin da uku. In ba ke, wa zai karanta mini?"

Maganar ta fita kafin in kama ta. Fanka ta yi ta juyawa. Na ji Umma tana neman bakin mayafinta.

"To ki rayu ki binne ni tukuna," ta ce, "sai ki nemi mai karatun."

Na zaɓi a rage, a ƙarasa huɗun. Ba ita ta samu yadda take so ba, ba ni ba.

Yau wata bakwai da gamawa. Hoton da aka ɗauka a asibiti bai nuna komai ba, gashi ya fito, an ce ya fi na da laushi. Ƙafafuna, da su ma suka daina ji daga baya, sun dawo. Manuniyoyin biyu ba su dawo ba. Shugaban makaranta ya kawo mini na'urar da ke karanta littafi da murya, na yi godiya, ina amfani da ita a aji. Amma murya ba ta tsayawa inda nake so in tsaya, kuma ba na iya duba rubutun ɗalibaina da ita.

Makon jiya ina shafa bangon wani littafi, sai na ji ɗigo ƙarƙashin yatsan zobe na hagu. Shi bai taɓa karatu ba, ɗan rakiya ne kawai. Na sa shi a aji ɗaya. Yana gajiya da wuri, yana zamewa daga layi, sauran yatsun suna tare masa hanya. Jiya layi guda ya ɗauke ni minti arba'in, Umma tana zaune a gefena da tabarau tana bi da ido.

"Kalma ta huɗu ba daidai ba ce," ta ce.

"Kada ki faɗa mini."

"Ban ce zan faɗa ba."

Na mayar da yatsan farkon layin.