Rufin Baba Tobias

"Ba zan fita ba," in ji Baba Tobias. "Koma ka gaya musu haka."

Yana kwance a kan katifarsa ta buhu, tari ya hana shi tashi. Ni kuwa ina bakin ƙofa da farfesun kifin da mahaifiyata ta aiko ni in kawo wa maƙwabcin namu. Ɗan doka Dunstan Pell ya tsaya a kansa, leburori biyu na waje da tsani.

"Tobias, kar ka ba ni wahala. Igiyar masu awon fili ta tsakiyar ɗakin nan ta bi. Titi za a miƙe har tashar jiragen ruwa. Sidni birni ce yanzu, ba sansanin fursunonin da Ingila ke turowa ba."

"Birnin da wa ya ja tubalinsa? Ni da kai aka ɗaura wa amalanke kamar shanu, ko ka manta? Jirgi ɗaya ya kawo mu, sarƙa ɗaya. Yau an ba ka sanda, har da tumbi!"

Leburorin suka tuntsire da dariya. Pell ya haɗe rai.

"Ina takardar filin?"

Babu takarda, shi ma ya sani. Ran da Baba Tobias ya gama wa'adinsa, wani hafsa ya nuna masa gefen dutsen nan da bakin sanda, ya ce ya gina. Haka iyayenmu duka suka sami muhalli. Hafsan kuwa ya daɗe da komawa Ingila.

Na ce, "Mutumin nan ba shi da lafiya. Ku bari ya miƙe."

"Malama Keziah, ki kama kanki. Don kina koyar da yara, ba shi ya goge cewa satar mayafi ce ta kawo uwarki ƙasar nan ba."

"Ta biya da shekarunta. Ni a nan aka haife ni, ban taɓa rusuna wa sanda ba, kuma ba da taka zan fara ba."

Maƙwabta sun riga sun cika lungun, ba dama a jawo tsoho a gabansu. Sai suka yi abin da suka saba yi wa mai taurin kai: suka hau, suka yaye ciyawar rufin kaf, suka tafi. Lokacin sanyi ne, ga hadari na tasowa daga teku.

Mahaifiyata ta roƙe shi. "Tobias, don Allah zo ɗakinmu."

"Ina fita za su ture bangon, Honora."

"To asibiti fa?"

"Can aka wanke min baya da ruwan gishiri bayan bulala. Na rantse ba na ƙara kwana ƙarƙashin rufin gwamnati."

Na aro tsohon tamfol na jirgin ruwa wajen masunta, muka ɗaura a saman shimfiɗarsa. Ruwa ya yi ta zuba ta gefe, ƙasar ɗakin ta zama taɓo. Ina juya shi, ina ba shi shayi da cokali. Shugabar makarantarmu ta aiko cewa zagin da na yi wa ɗan doka ya kai kunnen manya. In je in ba shi haƙuri, ko in nemi wani aikin. Na ce da ɗan aiken ya gaishe ta.

Wata safiya ruwan ya ɗauke. Baba Tobias ya buɗe ido, ya dubi bangon.

"Yana nan, 'yata?"

"Yana nan, Baba."

"To, madalla."

Kafin rana ta take ya cika.

Kafin mu dawo daga maƙabarta sun rushe ɗakin. Da ya yarda an ɗauke shi, wataƙila da ya ga bazara. Ni kuma aikina ya tafi. Yanzu wankin matuƙan jirgi nake yi tare da mahaifiyata, hannuna duk ya tsage. Dutsen bakin ƙofarsa ne kawai ya gagare su tonewa. Yana nan tsakiyar titi, kowace amalanke ta zo wucewa sai ƙafarta ta yi tsalle a kansa.