Gefen da Inna Ta Nuna

...to ai ba kwamfutar ce ta yi ƙarya ba. Abin da aka nuna mata shi ta duba. Ikilima na ta juya maganar nan a ranta, kan na'urar hoton a hannunta, idonta a allo. Ja. Zobe ja ya kewaye wani baƙin ƙulli mai yatsu-yatsu kamar citta — a maman Inna. Na hagu.

Na hagu!

Wata bakwai ke nan, a gadon nan dai na asibitin da take aiki a Rogo, Inna ta ɗaga mayafi ta dama. "Nan ne," fuska a bango. Kwamfuta ta duba, kore shar, babu komai. Ita kuwa sakarya har da rawar jiki, ta buga takarda, ta sa hannu, ta raka ta tasha ta sa ta a motar Fulatan da ledar lemo...

Ashe lafiyayyen aka miƙa mata. Ashe!

Ita ɗin da matan Zoza da na Karaye suka sa wa suna Malama Duka-Biyun, don kullum bakinta ke nan — duka biyun ake dubawa, Hajiya, ba ɗaya ba — ita za a yi wa haka? Kuma wa? Uwar da ta haife ta. Ba magani Inna ta zo nema ba ran nan, shaida ta zo karɓa. Tun da aka yanke wa maƙwabciyarta Baraka nata maman, ba ta kai salla ba ta rasu, Inna ta rantse wuƙa ba za ta taɓa ta ba. Duk wanda ya ce ta je Kano sai ta zaro takardar daga ƙasan filo: ga shi, injin yarinyar nan ya ce lafiya lau. Da sunanta, ita Ikilima, a jiki. Da sa hannunta!

Murja, autarsu, na bakin labule tana jan hanci. Ita ta ga jini a rigar Inna jiya, ita ta jawo ta yau. Murja ai kai tsaye take faɗawa ɗakin Inna, su yi hira har da shewa. Ita Ikilima fa? 'Yar fari. Shekara talatin da ɗaya, Inna ba ta taɓa kama sunanta ba. Ke. Waccan. Kunya, wai...

Sai an ɗebi nama an gwada a Kano kafin a tabbatar — haka take gaya wa kowa, da murya mai sanyi. Yau wa zai gaya mata? Da a wancan lokacin ne, da bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Yanzu ga wasu a hammata... ɗaya, biyu...

Haushi ya cika ta, wallahi kamar ta yi ihu. Me ya sa, Inna? Me na —

Hannun nan. Ran nan. Hannun Inna na hagu manne da haƙarƙari, mayafi a danne gam. Ta gani. Ta gani mana! Ta buɗe baki ta ce ɗaya gefen fa, sai nauyi ya kama harshenta — ta tuɓe Inna duka? — kore ya fito, ta yi ajiyar zuciya, ta ce shi ke nan, tashi. Har daɗi ta ji da ba sai ta kalla ba...

Inna ta motsa, fuskarta har yanzu a bango.

"Ke... kore ne?"