Hanyar Yanke a Kwamfutar Bashiru

Bashiru mutumin Furfuri ne, ta can ƙasar Bungudu, amma rabin rayuwarsa a kan titi ya yi ta. Babbar motar Alhaji Abubakar yake ja, yana kwaso auduga da hatsi daga Tsafe da Bilbis zuwa Gusau. A damunar 1997 taya ta fashe masa gab da shiga Tsafe, motar ta kwanta a gefen hanya. Ya tashi da ransa, sai dai hannunsa na dama bai tashi tare da shi ba. Yana nan a jikinsa, amma ko cokali ba ya riƙewa.

Da ya warke, Alhaji ya aika aka kira shi.

"Ba za ka zauna gida ba," in ji shi. "Ka yi firamare, kana karanta boko. Ga ofis can bakin tasha, na sa kwamfuta. Kai za ka riƙa ba direbobi takardar lodi."

Bashiru ya yi ta godiya. Bai san abin da ke jiransa ba.

Wanda ya kawo kwamfutar daga Kano ya nuna masa komai a yini guda, ya koma. Manhajar da ke ciki ta kamfani ce sosai, komai da Turanci, kuma kafin a kai ga takardar lodi sai an buɗe wani jeri, a gangara, a shiga wani, a sake gangarawa. Duk wannan da maus ake yi, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur yana motsa wata kibiya a fuskar kwamfuta. Hannun hagun Bashiru ya saba da sitiyari, bai saba da wannan lallaɓawa ba. Yana gab da isa sai kibiyar ta zame, jerin ya rufe, ya koma farko. Wani lokaci ya faɗa wani sashe da bai taɓa gani ba, ya rasa hanyar fita.

Direbobi kuwa suna tsaye a taga, abokansa na jiya. Ba wanda ya taɓa yi masa magana mai zafi. Wannan haƙurin nasu ne ma ya fi ci masa rai.

Ya ce wa matarsa Zuwaira, "Gara in koma Furfuri in tsare gonar Baba. Alhaji tausayina yake ji, ni kuma aikinsa nake ɓatawa."

Washegari Zuwaira ta yafa mayafi ta tafi gidan Alhaji, ta sami Lantana, ƙanwar Alhajin, wadda ke aikin buga takardu da kwamfuta a sakatariyar sabuwar jihar.

Ranar Asabar da hantsi Lantana ta yi sallama a ofis. Bayan gaisuwa ta ja kujera gefe.

"Malam Bashiru, yi aikinka yadda ka saba. Kallo kawai na zo yi."

Ya yi, gumi na keto masa. Kibiya ta zame, ta sake zamewa. Ba ta karɓi maus ɗin daga hannunsa ba, ba ta kuma ce "a'a, ba nan ba". Sai da direban da ke jira a taga ya tafi da takardarsa ta tambaye shi:

"Duk cikin tarkacen nan, mi da mi kake buɗewa kullum?"

Ya lissafa mata: takardar lodi, isowar mota, sai man da aka zuba wa kowace.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malama."

"To mi ya kai ka zagaye? In za ka Mada, kana bi ta Funtuwa?"

Dariya ta kuɓuce masa, ta farko tun da ya shiga ofishin.

Lantana ta buɗe manhajar, ta kamo sashen takardar lodi ta jawo shi waje, ta ajiye a fuskar kwamfutar. Wani ɗan hoto ya bayyana. Ta yi wa sauran biyun haka, ta ƙara musu girma, ta raba su nesa da juna don kada hannu ya kuskure.

"Wanga hanyar yanke ce," ta ce. "Aikin na can inda yake, ba abin da ya taɓa shi. Kai dai daga nan za ka faɗa masa kai tsaye. Wane suna za mu sa?"

"Ana sa musu suna da Hausa?"

"Naka ne. Ko Fulatanci kake so sai mu sa."

Ya tsaya yana tunani, kamar wanda aka ba zaɓin sunan jariri. Na farko ya ce a sa masa LODI. Na biyu TA ISO. Na uku MAI. Da ta ga danna maus sau biyu a jere na ba shi wuya, ta nuna masa ya danna sau ɗaya, sannan ya bugi babban maɓallin nan na gefen dama.

Ba a jima ba Mu'azu, wanda ya gaji hanyar Tsafe daga hannunsa, ya leƙo ta taga. Ya riga ya saba da jira, har ya ciro goro zai ɓara. Bashiru ya taɓa LODI, ya bugi maɓalli, takardar ta buɗe a gabansa. Ya cike da yatsa ɗaya, firinta ta hau ƙara tana fito da takardar.

Mu'azu ya dubi takardar, ya dubi goronsa. "Kai, Bashiru! Yau ko zama ban yi ba."

Bashiru ya juya wajen Lantana. Ya sunkuyar da kai yana share ido da hannun riga.

"Allah ya saka miki da alheri," ya ce daga baya. "Allah ya jiƙan mahaifa."

"Amin. Amma Zuwaira za ka fara yi wa godiya, ita ta taso ni."

Ya ɗago da mamaki, don bai san ta je ba.

Kafin ta tafi ta sa shi ya yi ɗaya da kansa, na sashen gyaran motoci. Ya ja, ya saki a inda bai dace ba, ya sake ja har ya zauna. Wannan ya sa masa suna GAREJI.

Da yamma ya biya ta kasuwa ya sayi turmin atamfa biyu. A gida ya ajiye ɗaya a gaban Zuwaira, ya ce ɗayan ta kai wa Lantana. Ta warware tata tana dubawa, ta ce zanen ya yi mata manya-manya, amma za ta ɗaura.