Jirgi na Biyar a Rumfar Ain Tamra

A filin jirgin Ain Tamra kowa da abin da yake faɗi game da Ma'allam Bushta. Masu kawo mai sun ce bai taɓa amsa gaisuwa da kalma fiye da biyu ba. Matar da ke sayar da miyar harira a bakin titi ta ce mutumin kirki ne, sai dai an taɓa shi a inda ba ya warkewa. Masu koyon tuƙi a sababbin jiragen ƙarfe kuwa Tela suke kiransa, don aikinsa ke nan, ɗinke yadi a kan fukafukan tsofaffin jirage na katako, da basilla mai tsawon kamu ɗaya. Dattawa suna cewa a da tun daga Kasablanka ake ɗoro fiffike a bayan mota a kawo masa. Suna kuma cewa, da murya ƙasa-ƙasa, ɗinkinsa ne ya kusa kashe Dakta Mufaddal.

Ni ne mai gadin rumfar ajiye jirage, kuma ina nan ranar da abin ya faru. Dakta likitan haƙori ne a garin Sattat, yana da shuɗin jirgi mai ɗaukar mutum biyu wanda Ma'allam ya sabunta wa yadi. Shekara uku bayan aikin, yana cikin tafiya a sama sai bayan fiffiken hagu ya karye daga ciki, yadin ya kumbura ya yage. Da ƙyar ya sauka a gonar alkama. Da aka jawo jirgin da tarakta, Dakta ya tsaya a ƙofar rumfa, a gaban mutum ya fi ashirin, ya ce, "Ku dubi aikin mai ɗinkin tanti! Wannan ba jirgi ya kamata a ba shi ba, buhu."

Ma'allam ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin fiffiken, ya shafa gefensa da yatsa. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya koma kusurwarsa. Daga ranar babu motar da ta sake zuwa daga Kasablanka. Aka lulluɓe shuɗin jirgin da tamfol a ƙarshen rumfa, ya yi shekara goma sha ɗaya a wurin. Dakta ya koma hayar jirgin ƙarfe ranar Lahadi, ya riƙa shiga ta ɗaya ƙofar.

Abin da ya rage wa Ma'allam shi ne nasa jirgin, rawaya, wanda ya saya a hannun wani manomi Bafaranshe tun yana saurayi. Kullum da safe sai ya goge shi.

A watan Fabrairu takarda ta zo daga hukuma a Rabat. Ana son rumfar don sababbin jiragen koyarwa. Tsofaffin jirage masu yadi ba za su zauna ba sai in masu su sun kafa ƙungiya mai rajista, kuma jirage aƙalla biyar sun tashi a gaban sufeto ranar Asabar ta ƙarshe a watan Mayu. In ba haka ba, a fitar da su fili. Jirgin katako da yadi kuwa, in ya kwana a waje hunturu ɗaya, sai dai 'yan gwangwan.

Lalla Zuhur ce ta tara mutane. Tana da injin matsar zaitun, kuma tun rasuwar mijinta ita ke tuƙa jirginsa. Ta sa na dafa shayi da na'ana'a, ta zauna a kan garwar mai tana lissafi da yatsu.

"Nawa ɗaya. Na Ma'allam biyu. Na tagwayen gidan Sharkawi uku da huɗu, in sun yarda su rubuta sunansu a takarda ɗaya ba su yi faɗa kan wanda zai fara ba."

"Ni na riga shi fitowa duniya," in ji Abbas, ɗaya daga cikin tagwayen.

"Da minti bakwai," in ji Abdun, "kuma tun ranar yake hutawa."

"Ku rufa mana baki. Huɗu ke nan. Ina na biyar?"

Duk muka juya muka kalli tamfol ɗin. Ma'allam kaɗai ne bai juya ba, yana hura shayinsa.

"Ma'allam," in ji Lalla, "babu mai iya wannan fiffiken sai kai."

"Mai jirgi bai tambaye ni ba."

"In ya tambaya fa?"

"Ba zai tambaya ba."

Washegari ta tafi Sattat. Abin da ya faru a can ita ta ba mu labari. Ta karɓi lamba kamar mai ciwon haƙori, ta hau kujera, da Dakta ya ce ta buɗe baki sai ta buɗe, ba ta rufe ba sai bayan rabin awa. Ya ce shi ya gama da jirgin nan. Ta ce to ya sa hannu a ƙungiya kawai, ya bar masu sauran. Ya ce kowa ya taɓa jirgin ban da mutum ɗaya. Ta ce ai mutum ɗayan ne kawai zai taɓa. Daga ƙarshe ya sa hannu don ta sauka masa daga kujera, marasa lafiya na jira.

Rajista na buƙatar magatakarda. Ni sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma na koyi karatu, hannuna ba ya sauri, amma Lalla ta ce hakan ya fi, mai rubutu a hankali ba ya rubuta shirme. Sunan ƙungiya kuwa sai da aka yi kwana uku ana gardama, tagwaye kowa da nasa. Aka tsaya a kan Ƙungiyar Masu Tsofaffin Jirage ta Ain Tamra, don shi ne babu wanda ya kawo, ni na rubuta shi a saman takarda kafin su gama.

Ranar Juma'a bayan an ci kuskus aka yaye tamfol. Dakta ya zo, ya tsaya nesa da hannu a aljihu, wai ya ga kayansa. Aka kwance fiffiken hagu aka kwantar da shi a kan benci, ciki a sama. Lalla ta ɗauki wuƙa za ta fara yanke tsohon yadin, sai ta tsaya.

"Ina hujojin?"

Kowane fiffiken yadi yana da ƙananan hujoji a jere a ƙarƙashin gefensa na baya, kowanne bai fi ƙwayar wake ba. Ta nan raɓa da ruwan da suka taru a ciki suke fita. Wannan fiffiken ba shi da ko ɗaya. Ta kankare fenti da bakin wuƙa, sai ga ɗan farin toshi, zagayayye, sumul. Ta matsa gaba, ga wani. Abbas ya ɗauko ɗaya ya ɗaga a haske.

"Kai! Wannan ai aikin gwani ne. Cikon haƙori ne, irinsa ne a bakina, nan ta baya."

Babu wanda ya yi dariya. Aka yanke yadin, katakon bayan fiffiken ya bayyana baƙi ƙirin, yana marmashewa a hannu kamar tsohon burodi. Ruwan hunturu uku ya kwanta a ciki ba hanyar fita.

Dakta ya matso. Fuskarsa ta yi ja har kunne. "Ana gobe bikin jirage na Kasablanka ne," ya ce, ba da kowa ba. "Na ga ramuka a jere, na ɗauka basilla ce ta bar su. Na ce bari in gyara, jirgin ya yi kyau." Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya juya ya fita. Muka ji tashin motarsa.

Lalla ta juya kan Ma'allam. "Ka sani! Tun ranar ka sani, ka bari aka yi ta kiranka mai ɗinkin buhu?"

"Na gani."

"To me ya rufe maka baki, don Allah?"

"Mai jirgi ya taɓa fiffike ba da sa hannun makaniki ba, karɓe masa takardar tuƙi ake yi har abada. Ya riga ya rasa jirgi. In sa ya rasa sama ma?" Ya ɗauki ma'auni. "Abdun, riƙe min nan. Wata uku ba yawa."

Mun ɗauka Dakta ba zai dawo ba. Ranar Litinin sai ga shi da kayan aiki a jiki da katakon da ya samo a wani tsohon shago a Kasablanka. Bai gai da Ma'allam ba, Ma'allam bai gai da shi ba. Amma ɗinkin fiffike aikin mutum biyu ne: ɗaya ya soka basilla daga sama kusa da haƙarƙarin katako, ɗaya ya karɓa daga ƙasa ya mayar, na sama ya ɗaure. Tagwaye suka gwada, suka karkace layi, kowa ya ce ɗan'uwansa ne. Lalla ta ce idonta ba ya ganin kusa. Dakta ya kwanta a ƙarƙashin bencin ba wanda ya sa shi. Hannunsa ya saba da ƙaramin wuri, bai taɓa kuskure hujin ba. Haka suka yi mako uku, basilla tana sauka tana hawa, yadi a tsakaninsu, ba mai ganin fuskar wani. Maganarsu ba ta wuce "ja" da "saki".

A wannan lokacin ne wani abu ya canza a rumfar. Da kowa yana kulle akwatinsa. Sai ga shi Abbas ya fito da tayar da Lalla ta shekara biyu tana nema, ita kuma ta fito da bututun man da ya dace da injin Dakta. Duk abin da wani ya rasa, ashe yana kwance a akwatin maƙwabcinsa. Aka kafa katako ɗaya a bango, aka zube komai a kai.

Da aka gama shafa wa yadin magani ya ɗaure kamar fatar ganga, Ma'allam ya ɗora ƙaramin ƙarfe a wuta don huda hujojin. Ya miƙa wa Dakta. "Kai za ka huda. Goma sha huɗu. Kuma ka bar su a buɗe."

Abdun ya tuntsure da dariya har ya zauna a ƙasa.

Asabar ɗin ta zo da iska kaɗan daga yamma, an girbe alkama, fili ya yi fes. Sufeto Si Ragragi mutum ne siriri mai tabarau. Ya bi jiragen ɗaya bayan ɗaya yana danna yadi da babban yatsa. A kan shuɗin jirgin ya fi daɗewa. Ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya bi layin ɗinkin da ido.

"Wa ya yi wannan?"

"Ma'allam Bushta," in ji Lalla, da ƙarfi don na baya su ji.

"Na ɗauka ya rasu. A makaranta da aikinsa aka koya mana."

Tsofaffin jiragen nan ba su da na'urar tayar da inji, da hannu ake kaɗa farfela. Mai kaɗawa yana tambayar matuƙi ko wuta a kashe take, kuma a kan amsar nan yake ɗora hannayensa biyu. In matuƙi ya yi kuskure, yatsu sun tafi. Na kaɗa wa Lalla, na kaɗa wa tagwaye. Da na nufi shuɗin jirgin sai Ma'allam ya dafa kafaɗata ya wuce gaba.

"Wuta a kashe?"

Dakta ya duba, ya sake dubawa. "A kashe, Ma'allam."

Ma'allam ya juya farfelar sau huɗu a hankali. "Kunna."

"Na kunna."

Ya fizga ya ja da baya. Injin ya yi tari, ya fesa hayaƙi, ya yi shiru. Ya sake tambaya, aka sake amsa masa, ya sake fizga. A karo na uku injin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana barci ya kama, ƙararsa ta cika filin. Mai harira ta saki guɗa daga bakin titi.

Na kaɗa wa Ma'allam nasa. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, Lalla a gaba, tagwaye suna rige-rige, sai rawaya, sai shuɗi. Ina kallon fiffiken hagu na shuɗin har wuyana ya ƙage. Suka zagaya garin sau biyu, suka dawo ta kan rumfa a jere, rawaya da shuɗi kafaɗa da kafaɗa. Masu koyon tuƙi duk sun fito daga ajinsu suna tafi. Si Ragragi bai jira saukarsu ba, ya ɗora takardar a bayana ya buga hatimi.

"Rumfa taku ce," ya ce. "Ka gaya wa Ma'allam akwai jirage uku a Fas da ke ruɓewa don rashin mai ɗinki. Zan turo masu su."

Kafin shekara ta zagayo mun kai jirgi goma sha shida, amma a ranar mu dai mun san biyar. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar rumfa, an kawo tajin, wato dafaffen naman rago da busassun 'ya'yan itace, mutum ya fi hamsin. Ana shirin sa hannu a abinci sai Dakta ya miƙe. Ya taka zuwa bakin ƙofar, ya cire hularsa ta tuƙi, ya jira har surutu ya mutu.

"Ku saurara, har da ku na baya. Ni na toshe hujojin fiffikena da hannuna, ni na ruɓar da shi. Mutumin nan ya gani, ya rufa min asiri, ni kuma na tsaya a gaban jama'a na ɓata masa suna, na kashe masa sana'a shekara goma sha ɗaya." Ya juya ya fuskanci dattijon da ke zaune da burodi a hannu. "Ma'allam Bushta, na zalunce ka. Don girman Allah ka yafe mini."