Jar Fitila a Kwarin Gulbi

A daminar da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu, ni Gajere na wayi gari da mota. Baturen gyaɗa da nake tuƙa wa ne ya tattara komatsansa ya koma ƙasarsu, ya bar mini ita. Tsohuwa ce tukuf, ƙofarta ɗaya ma da igiya ake ɗaure ta, amma a Gazawa ta lokacin wa ke duban igiya? Ina shiga kasuwa ina hura hanci, kai ka ce ni aka ba mulkin.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba, mahaifiyata Inna Balki. Kakanninta daga arewa suka gangaro da raƙuma kafin su zauna su kama noma, kuma ita a wurinta duk abin da ya fi raƙumi sauri bai da imani. Ta bi ni ta bi ni a kan in bari a sa wa motar laya. Na yi dariya na ce Bature ya yi shekara da shekaru yana hawa ba laya, ko ƙwarzane bai yi ba. Sai ta shafa tata layar da ke wuyanta. Wata ƴar laya ce mai kube na tagulla da ta gada daga uwarta, wadda aka ce tana tsare mutum daga igiyar ƙasa, don a gidanmu ba a kiran maciji da sunansa. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa ganin wuyan Inna ba ita ba.

Bayan wani kwana da na je na yi a ƙauyenmu, motar ta ɓullo da sabon hali. Fitilun tabulo, wato allon nan da ke gaban direba, suka fara ƙyaftawa. Ana tafiya lafiya lau sai su dusashe, jar fitilar caji ta yi wal ta mutu, allurar ma'auni ta faɗi ta tashi. Na kankare kawunan batir na ɗaure su tam. Na ja bel ɗin dinamo mai cajin batir. Na canja ƙwan fitila. In na tsaya a gareji ina dubawa sai ta yi lakwas kamar ba ita ba, in na hau hanya ta dawo da iskancinta. Da na gaji sai na ce tsufa ne, na rabu da ita.

Ran nan bayan azahar ina tasha sai ga Kawu Ɗan Bala, ƙanen Inna, a kan doki, ba hula. Ganin kansa ba hula kawai ya sa gabana ya faɗi.

"Taso maza," ya ce. "Igiyar ƙasa ta taɓa uwarka cikin hatsi."

Kububuwa ce. Kafin in isa an ɗaure ƙafar, mai magani ya tsaga ya shafa abin da zai shafa, amma kumburi ya riga ya wuce gwiwa. Da Inna ta buɗe baki za ta yi mini magana sai na ga jini a dasashinta. Na san abin da wannan ke nufi, kowa a wurin ya sani. Allurar maciji kuwa sai likitar Tasawa, wato asibitin can. Tsakaninmu da can akwai kwarin gulbi, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. In ruwan nan ya riga mu sauka kwarin, mota ba ta ƙetarewa sai an kwana an wuni, Inna kuwa ba ta da kwana da wuni.

Muka kwantar da ita a baya, lulluɓe da zane har wuya, Kawu ya ɗora kanta a cinyarsa. Na taka mota.

Ba mu yi nisa da ƙauyen ba gari ya rufe, la'asar ta koma kamar almuru. Na kunna fitilu. Muna fara gangarawa cikin kabobin kwarin, inda hanya ta zama gargada, tabulo ya soma. Wal. Duhu. Wal. Wannan karon ba shi kaɗai ba, har manyan fitilun gaba suna lumshewa tare da shi, inji yana shaƙewa yana farfaɗowa. Jan hasken yana faɗo mini a hannu yana ɗaukewa. Na ji Kawu ya fara salati a bayana.

"Gajere, mi a wannan ka yi muna ƙihce?"

"Waya ce, Kawu."

"Waya ta san wuri? Duk hanyar ga ba ta yi haka ba sai nan gindin tsamiya? Masu wurin ne ba su son mu wuce!"

Na daka masa tsawa ya yi shiru, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Amma gaskiya ni ma tsigar jikina ta tashi. Tsamiyar nan ko Fulani ba sa barin shanunsu su huta a ƙarƙashinta. Sai wani wari ya cika motar, warin roba tana ƙuna. Muka faɗa wani rami, fitilu duka suka ɗauke, inji ya yi tari ya mutu. Muka tsaya cik a tsakiyar kwarin.

Shiru ya sauka, ba ka jin komai sai iska tana kaɗa kaba da numfashin Inna, sama-sama. Can gabas aka yi walƙiya. Na ji ƙamshin ruwa, na san ana yin sa a wani wuri sama da mu, kuma duk ruwan da aka yi a can nan zai biyo.

Na fita na buɗe inji. Batir lafiya, bel lafiya, duk abin da na duba a gareji yana nan yadda na bar shi. Na tsaya kamar wawa riƙe da sifana. Tsoro ya so ya ɗauke mini hankali, har na fara tunanin in goya ta in ruga da ƙafa. Sai maganar Kawu ta dawo mini: waya ta san wuri? Ashe ta sani. Ba tsamiya ta sani ba, gargada ta sani. A gareji mota a tsaye take, shi ya sa ba ta taɓa yi a gabana ba. Wani abu ne ke lilo, in an girgiza ya taɓa inda bai kamata ba. Kuma warin ba daga inji ya fito ba, daga cikin mota ne.

Na koma na murɗa makulli. Jar fitila ta kama. Na kai wa tabulo mari da tafin hannu, ta ɗauke. Na sake mari, ta dawo.

Na kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari na cusa hannu cikin duhun bayan tabulo ina lalube. Yatsuna suka sauka a kan wani abu siriri, mai santsi, mai laushi, ya motsa. Wallahi na ƙwalla ƙara na fizge hannu har na fasa goshi da sitiyari. A ranar da maciji ya sari uwarka, ka taɓa irin wannan a duhu ka ji yadda ake ji. Kawu ya buɗe ƙofa zai gudu, nauyin kan Inna ne kawai ya riƙe shi.

Ɗigon ruwa na farko ya bugi rufin mota. Na yi bisimilla na mayar da hannu, na kama abin na jawo. Igiyar fata ce. A ƙarshenta wani ƙarfe ya ƙona mini yatsa don zafi. Na fito da shi gaban ido, walƙiya ta haska mini shi: kuben tagulla, gefensa ya yi baƙi inda wuta ta riƙa lasarsa.

Na juya na ɗaga zanen da ke wuyan Inna. Ba komai, sai farin zane-zanen da igiya ta bari a fatarta.

"Wayyo Balki," in ji Kawu a hankali. "Ashe haka nan kika shiga hatsi."

Ba lokacin kuka. Layar ta daɗe tana gogar wayar makunnin fitilu har ta fere mata riga, in mota ta girgiza sai tagullar ta haɗa tsirarar waya da ƙarfen mota. Na cire kan batir, na yanko tsohon tib na taya, na naɗe wayar na ɗaure da zaren rigar Kawu. Fis ɗaya na wutar fitilu ya ƙone, na sa na ajiya. Na mayar da kan batir, na fita na juya hannun tayar da inji. Ta tashi. Fitilun tabulo suka tsaya cak, na mare shi, ko gezau.

Kafin in ja, na sunkuya zan rataya wa Inna layarta. Ina tsammanin ba ta cikin hayyacinta. Sai ta ɗaga hannu ta tare nawa, hannun sanyi ƙalau.

"Maida ta inda ka ɗauko."

"Inna, taki ce. Dubi abin da ya same ki."

"Ni gona ɗaya gare ni," ta ce, jini a leɓenta. "Kai hanya duka taka ce. Maida."

Na yi mata gardama, ta rufe ido ta kau da kai, ga ruwa ya fara sauka da gaske. Na naɗe kuben da sauran tib ɗin, na ɗaure shi a wuyan sitiyari inda ba waya. Muna haurawa ɗaya gefen na waiga, na ga jan ruwa ya shigo kwarin yana tafe da karare da kumfa, ya shafe sawun tayarmu.

Inna ta rayu. Ta daɗe a likita, ta fito tana jan ƙafa, kuma har yau ba ta yarda ta karɓi layar ba. Na sa malamai sun yi mata wasu, har da mai kuben azurfa. Ta karɓa ta yi godiya ta rataya wa jikokinta.

Tabulo bai sake ƙyaftawa ba. Amma duk damina in gero ya kai ƙugu, in ina wucewa ta ƙauyenmu, nakan hango ta can cikin gona ta sunkuya da hauyarta, ganye ya rufe mata ƙafafu. Layarta tana bugun gwiwata a duk gargada, ita kuwa wuyanta ba komai.